Ranar da Sha-Yanzu Ya Ɗora wa Babba Kaya

"Anti, yau za ki ga aikin da ba a taɓa yin irinsa a kamfanin nan ba," in ji ƙanen mijina, tun kafin ya gama rufe ƙofar ofishina.

Na ɗago kai na dube shi. Ya sa kwat da nektai, ya sha turare, kwat ɗin kuwa maɓalli ɗaya ne ke riƙe da ita a kan tumbinsa, shi ma da addu'a.

Ni ce mai kula da harkokin ma'aikata a kamfaninmu na kayan gini, kuma ni na kawo shi, bayan yayansa ya hana ni sakat a gida. An ɗauke shi aikin gwaji a sashen kwamfuta, kuma ranar ce gwajin ke ƙarewa: da yamma Mai Kamfani zai faɗi ko ya zauna ko ya kama gabansa. Ma'aikata kuwa tun makonsa na farko suka raɗa masa Sha-Yanzu, don ko me aka kawo masa, daga firintar da ta cinye takarda har agogon bango, amsarsa ɗaya ce: "Wannan ai sha yanzu magani yanzu ne."

"Wane aiki?" na tambaye shi.

"Zan tashi 'yan haya."

A wani ɗan ɗaki mai sanyi da ke jikin zauren baje kaya akwai uwar kwamfuta guda ɗaya, a cikinta kuma akwai wasu kwamfutoci marasa jiki, kowace da aikinta: ta rasit, ta sikelin auna motoci, ta shingen shigowa da ƙofofin kati, ta wayoyin ofis, da ta kyamarorin tsaro. Su muke kira 'yan haya. Kowace tana da faifanta, wato duk abin da ta sani, a ajiye a wani rumbu. Rumbun ya fara cika, Mai Kamfani ya sayo sabo, shugabar sashen ta jona shi, washegari naƙuda ta kama ta. Saƙonta na ƙarshe kafin a sa ta a mota shi ne kada wanda ya taɓa komai sai ta dawo.

"Mai jego ta ce a jira ta," na ce.

"Mai jego sai ta rufe kamfani ranar hutu, ta kashe komai, sannan ta kwashe faifai ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar allura. Ni kuwa suna aiki zan kwashe su. Zan sauya wa mutum katifa yana barci, ko juyi ba zai yi ba."

"In ya farka fa?"

"Anti, ke dai ki tanadi takarda. Da yamma Yallaɓai zai ce ki rubuta: Shugaban Sashen Kwamfuta."

"Ita kuma fa?"

"Mataimakiyata. Zan riƙe ta da mutunci, ai mai jego ce."

Na buɗe baki zan yi magana, ya riga ya fita.

Da a ɗaki ya yi abinsa shiru, da da sauƙi. Amma Sha-Yanzu ba ya cin kaza a ɓoye. Ya ɗauko kwamfutarsa ta hannu ya kafa a tsakiyar zaure, ya cire tallan fenti daga babban talabijin na bango, ya jona tasa, don kowa ya gani da idonsa. Masu lodi suka ajiye aiki suka matso. Shugaban direbobi ya jingina da buhunan siminti. Akwai kuma wani ɗan kwangila, babban mai ciniki da mu, da ya zo ɗaukar tirelar siminti yana ta duba agogo.

"Jama'a, kowa ya ci gaba da aikinsa," in ji Sha-Yanzu, yana naɗe hannun kwat. "Abin da zan yi, ko shayin da ke kan teburinku ba zai girgiza ba."

Kashiyarmu mai karɓar kuɗi, wadda ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba, ta ɗauke kofinta ta riƙe a hannu.

"Hajiya, me ya sa kika ɗauke?"

"Ranar da ka gyara min firinta, sati na yi ina wanke tawada a mayafina."

Aka yi dariya. Ya yi kamar bai ji ba, ya danna wani abu. Sunaye uku suka fito a talabijin: Babba, Ƙarami, Auta.

"Kun gani? Ga rumbuna uku. 'Yan haya duk an cusa su a Ƙarami, ga Babba a zaune ba aiki. Wannan shi ne a bar jaki a ɗora wa akuya kaya."

"Wancan Autan fa?" in ji shugaban direbobi.

"Wa ke ɗora wa auta kaya? Ni auta ne a gidanmu, na san halinmu. Ka aike mu mu ɓatar da canjin."

"Ga wasu lambobi can a gefen sunayen," na ce a hankali. "Ba za ka duba ba?"

"Anti, lambobi na 'yan koyo ne." Ya ƙara girman rubutun don na baya su gani, lambobin suka fice daga gefen talabijin gaba ɗaya.

Ya zaɓi kwamfutar rasit, ya zaɓi Babba. Wata 'yar tambaya ta fito, ko a goge tsohon faifan in an gama kwashewa. Ya danna e da ƙarfi, har teburin ya amsa.

"Ba za ka bar na baya ba, ko don tsaro?" in ji Kashiya.

"Namiji in ya tashi daga gida ba ya barin tabarma a baya."

Wani koren layi ya fito, ya fara rarrafe daga hagu zuwa dama. Layin ya kai ƙarshe. Sha-Yanzu ya juya ga Kashiya kamar mai dabo.

"Buga rasit."

Ta buga. Rasit ya fito lafiya lau.

Masu lodi suka ɓarke da tafi. Ni kaina, ban ɓoye ba, na saki ajiyar zuciya. Ya tashi ta sikeli, ta wuce. Ya tashi ta shinge da ƙofofi, ita ma ta wuce. Kowace ta isa sai ya goge na baya, ya ɗaga hannu a tafa masa. Wani mai lodi ya ce, "Injiniya ba ka da dama!" Sha-Yanzu ya gyara masa: "Shugaba za ka ce, ka fara sabawa."

Daga nan ya kamo ta kyamarori, wadda ke ɗauke da hoton duk motar da ta taɓa shiga harabar nan da duk kyanwar da ta taɓa tsallaka katanga.

"Wannan ita ce giwar," in ji shi. "Ku zuba ido."

Muka zuba. Koren layin ya taho, ya taho, ya rage gudu, ya tsaya cak kafin ya kai rabi.

"Hutawa yake," in ji Sha-Yanzu.

Firintar Kashiya ta yi wani kuka, ta turo rabin rasit, ta yi shiru. Kashiya ta yage rabin ta ɗaga sama.

"Shugaba, wannan rasit ɗin siminti ne ko na rabin siminti?"

"Tunani take yi. Ki ba ta lokaci."

Sai ga mai auna motoci ya shigo da gudu. Tirelar ɗan kwangila tana kan sikeli cike da siminti, amma sikelin ya kafe a kan nauyin keken ɗan aike da ya bi ta kansa kafin ta hau.

"Madalla," in ji ɗan kwangila. "A rubuta min haka."

Kafin a gama wannan, ƙahon motoci ya cika harabar. Shinge ya sauka ya ƙi tashi. Motocin ciki ba fita, na waje ba shiga, layi ya miƙe har bakin titi. Baba mai gadi ya gwada ɗaga sandar da kafaɗa, ta ƙi, ya koma kujerarsa ya kunna rediyo.

Goshin Sha-Yanzu ya fara ƙyalli.

"Cunkoso ne kawai," in ji shi. "Bututu in ya toshe, ruwa ake ƙara masa." Ya kamo kwamfutar wayoyi ya tura ta Babba ita ma.

Wayar da ke kan teburin Kashiya tana cikin ƙara, ta yanke a tsakiya kamar an shaƙe ta. Koren layin ya koma ja.

"Alhamdu lillahi, ya sauya kala," in ji Kashiya. "Ya nuna kenan, a sauke?"

"Ja alamar ƙarfi ce."

"A titi kuwa alamar tsayawa ce," in ji shugaban direbobi. "Yaro, direbobina suna waje suna tambayar sunanka da na unguwarku."

Sha-Yanzu ya miƙe ya ja kwat ɗinsa ƙasa. "Na gano matsalar. Uwar ce ke son a kashe ta a kunna. Minti ɗaya."

Ya nufi ɗakin sanyi, jama'a suka bi shi zugwi-zugwi. Ya manna katinsa a ƙofa. Shiru. Ya goge katin a wando ya sake mannawa. Ya hura masa iska. Ya juya shi baya.

"Ba ita ce ka tasa ta uku ba?" in ji Kashiya. "Mai buɗe ƙofofi? Ai da hannunka ka raka ta."

Ni dai na koma gefe na kira mai jego a wayata ta hannu. Ta ɗauka, ina jin kukan jariri. Na yi mata barka a gurguje, na faɗa mata abin da na gani.

"Ya kai su ina?"

"Babba."

Ta yi salati mai tsawo, har jaririn ya yi shiru. "Na baya fa?"

"Ya goge. Yanzu wai zai shiga ya kashe uwar ya kunna."

"Anti, don girman Allah ki riƙe shi! Yanzu suma kawai suka yi, komai na nan. In ya danna maɓallin nan suna tsakiyar rubutu, ban san abin da zai tashi ba. Ki zauna a kansa in ta kama. Bari in miƙa yaron nan in buɗe kwamfutata."

Ban taɓa gudu a wurin aiki ba, amma ranar na yi. Sai dai ko da na iso, Allah ya riga ni riƙe shi.

A saman ƙofar ɗakin akwai wata 'yar taga ta shan iska. Sha-Yanzu ya sa an kawo tsani, ya hau, ya ce wa jama'a masana da ƙafa suke fara shiga. Ƙafafu suka shiga. Cinyoyi suka shiga da lallashi. Da aka zo tumbi, taga ta ce nan ta tsaya. Ga shi nan a saman ƙofa, rabinsa a ɗakin sanyi, rabinsa a zaure, yana fuskantar jama'a, nektai na lilo. Maɓallin kwat ɗin ya yi tsalle ya faɗa cikin bokitin fenti. Daga ciki muka ji takalminsa ɗaya ya faɗi ƙasa.

"Ku ɗan tura ni," in ji shi.

"Kada wanda ya taɓa shi," na ce. Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, har masu lodi suka ja da baya.

"Haba Anti! Ni ne fa, ƙanen mijinki!"

"Shi ya sa."

"Shugaba, yaya sanyi ta can ɓangaren?" in ji Kashiya.

"Hajiya, ki ji tsoron Allah."

Ɗan kwangila ya kai maƙura. Ya ɗauki jakarsa ya ce a sauke masa simintin, shi ya gama da kamfanin nan, akwai masu sayar da kaya a gaba waɗanda ba sa rataye ma'aikatansu a taga. In mutumin nan ya tafi, ba ƙanen mijina kaɗai zai amsa tambaya da yamma ba.

Sai muryar Sha-Yanzu ta sauko daga sama.

"Yallaɓai! Kafin ka tafi. Ginin nan da kake yi, bene ne ko?"

"Ina ruwanka?"

"Tayil ɗin da na ga ka taɓa ɗazu, kada ka saya. A ƙasa yana da kyau, amma mai gidan daga saman bene zai riƙa kallonsa. Ni da nake nan sama ina gaya maka, fari fat yake, kamar asibiti. Dubi wancan na lungu, mai ruwan zuma. Daga nan sai ka ce an shimfiɗa darduma. Ai ba kowa ke samun damar ganin tayil daga inda nake ba."

Ɗan kwangila ya tsaya. Ya dubi tayil, ya dubi mutumin da ke taga.

"Yana da santsi?"

"Santsi? Yallaɓai, a zuba masa sabulu ka yi rawa a kai. A kawo wa Yallaɓai kujera! Hau tsanin nan ka gani da idonka, in na yi ƙarya a bar ni a nan in kwana."

Wallahi mutumin nan ya hau tsani. Ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Sha-Yanzu, suna nuna tayil suna gyaɗa kai. Kafin ya sauko ya ce a ware masa na bene biyu, a haɗa da fentin da zai dace.

A haka Mai Kamfani ya same mu. Da ƙafa ya shigo, don motarsa tana can ƙarshen layi a bakin titi, ya sunkuya ta ƙarƙashin shingen kamfaninsa, ga ƙurar sanda a hularsa. Dattijo ne mara son hayaniya. Ya jima a tsaye a baya yana sauraron cinikin tayil kafin kowa ya lura da shi. Sannan ya dubi jan layin da ke talabijin, ya karanta sunan da ke ƙarƙashinsa.

"Wa ya ɗora wa Babba kaya?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Sha-Yanzu daga sama. "Sannu da zuwa. Na ga shi ne babba, yana zaune ba aiki."

"Babba a me?"

"A... babba dai."

Mai Kamfani ya juya ga shugaban direbobi. "A motocina wace ce Babba?"

"Tsohuwar a-kori-kura, ranka ya daɗe. Wadda sai an tura."

"Auta fa?"

"Sabuwar tirela mai ƙafa goma sha takwas."

"To haka rumbuna. Ni na raɗa musu suna, kamar yadda nake raɗa wa duk abin da na saya. Babba shi na fara saye, tun muna shago ɗaya, bai fi cikin cokali ba. Auta shi ne sabon da na sayo don wannan aikin, zai haɗiye sauran biyun bai ƙoshi ba." Ya ɗaga kai. "Kai, ba ƙanen mijin wannan baiwar Allah ba ne? Na san yayanka. Me kuke kiransa a gida?"

Sha-Yanzu ya sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar da kai, don mijina, Allah ya ja kwanansa, in ya tsaya kusa da ƙanensa a hammata yake tsaya masa.

"Yaya Babba," in ji shi da ƙaramar murya.

"Da shi aka sa a tagar nan, da tuni ya wuce har da jakarsa."

Zaure ya kece da dariya. Shugaban direbobi har da zama a kan siminti yana share hawaye.

Ana cikin haka jan layin ya ɓace daga talabijin. Mai jego, daga kan gadonta, ta soke tashin kyamarori da na wayoyi, Babba ya samu wurin numfashi. Firinta ta turo ragowar rabin rasit. Wayar teburin Kashiya ta ci gaba da ƙarar da ta bari. A waje shinge ya tashi, direbobi suka yi ta ƙaho, wannan karon na murna. Mai jego ta kira ni ta ce ba abin da ya salwanta, za ta mayar da 'yan haya Auta da kanta, kuma a gaishe mata da mataimakinta.

Mai Kamfani ya laluba aljihu ya ciro wani ɗan makulli na ƙarfe, ya buɗe ƙofar ɗakin sanyi a ƙarƙashin Sha-Yanzu, ya leƙa. Ƙafafu biyu na reto, ɗaya da takalmi, ɗaya da safa mai huda, babban yatsa yana nuna maɓallin uwar kwamfuta, saura ƙiris. Ya ja ƙofar ya kulle, ya mayar da makullin aljihu.

"Yau gwajinsa ke ƙarewa ko?" ya tambaye ni.

"E, ranka ya daɗe."

Ban iya duban sama ba. Tunanin abin da zan gaya wa yayansa nake yi, da surukata.

"Rubuta. Na tabbatar da shi a aiki."

"Allah ya ƙara girma!" in ji Sha-Yanzu, yana ƙoƙarin rusunawa a cikin taga. "Na san Yallaɓai ya san ƙwararru. Anti, rubuta da kyau: Shugaban Sashen Kwam..."

"Sayar da tayil," in ji Mai Kamfani. "Tayil ɗin lungun nan tun bara yake min kallon ƙurilla, ba wanda ya iya fitar da kwali ɗaya. Bakinka dukiya ne, hannunka kuwa annoba. Daga yau duk abin da ke da waya a jikinsa, tsakaninka da shi gaisuwa. A karɓi katinsa."

Kashiya ta miƙa hannu ta zare katin daga wuyansa, ba ta ko buƙaci tsani ba, don igiyar tana lilo tare da nektai.

Sha-Yanzu ya gyara murya.

"Ranka ya daɗe, Shugaban Sashen Tayil kenan ko?"

Mai Kamfani ya kaɗe hularsa, ya dubi masu lodi.

"Ku ciro shi. Ta waje za ku ja shi. Kada wanda ya kuskura ya tura min shi ciki."